Irin Taba a Bakin Zane

Shekarar da Turawa suka ɗebi 'yan dako don yaƙinsu da Jamus, Jatau yana cikin mutum shida da aka tara daga garinsu, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi tsakanin Furfuri da Bungudu. Da kaka ya tafi, aka ce wata shida za su yi. Wata kakar ta zagayo, babu shi babu labarinsa. Ya bar matarsa Yelwa da 'yarsu Hanatu mai shekara uku, da ɗaki guda, da lambu a fadama.

Kan lambun nan magana ta tashi. Ƙa'idar garin kowa ya san ta: duk lambun da ya yi rani biyu ba a ga shuka a cikinsa ba, mai gari yakan ba wanda zai noma. Rani na farko ya riga ya wuce a banza, domin Yelwa ta zauna tana sauraron dawowar miji. Saura ɗaya.

Umaru, yayan Jatau, albasa yake nomawa a lambun da ke jikin nasu. Ba mugun mutum ba ne, shi yake auna mata hatsi tun da ƙanensa ya tafi. Wata safiya bayan ɗaukewar ruwa ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, ta fito ta durƙusa suka gaisa.

Ya ce, "Yelwa, ki bar mini lambun wanga in sa albasa. Cinki da na yarinya yana kaina, kamar yadda yake tun bara."

"Na gode, Yaya. In ƙanenka ya dawo fa?"

"In ya dawo sai mu yi magana ni da shi."

Yelwa ta san yadda irin wannan magana take ƙarewa. Lambun da mutum ya kafa wa jigonsa na ban ruwa, ya zuba wa takinsa shekara biyu, ba ya komawa hannun mai shi sai da shari'a. Ta ce ita za ta noma.

Umaru ya yi dariya, ba ta raini ba, ta mamaki. "Ki noma mi? Kin taɓa jan jigo?"

"Taba zan dasa, kamar yadda yake yi. Taba tulu ya ishe ta."

"Da wane iri?"

Yelwa ta shiga ɗaki ta taka turmi ta zaro battar da Jatau ya soke a jinka. A nan yake ajiye irinsa. Tana taɓa battar ta ji ta yi laushi. Ashe daidai wurin ne jinkar ke yoyo, damina biyu ruwa na ɗiga a kanta ɗis, ɗis, ba wanda ya lura. Ta buɗe, iri ya dunƙule ya yi fumfuna, wari kawai yake yi.

Duk da haka da aka je gaban mai gari ba ta janye ba. Tsohon ya saurari kowa, sa'an nan ya ce, "Ranar da aka gama dashen albasa zan zaga fadama kamar kullum. Inda na ga shuka, na mai shuka ne. Inda na ga ƙasa tsirara, na ba wanda ya roƙa."

A duk garin Jatau kaɗai ke noman taba, kuma ba irin ta 'yan Bungudu ba ce da ake dakawa don sha. Tasa mai manyan furanni ce, wadda mata ke goge haƙora da furenta in sun ci goro. Asalin irin ma daga dangin Yelwa ya fito, a Bilbis ta ƙasar Tsafe, wajen gwaggonta Tambaya. Saboda haka ta bar Hanatu hannun Lami, matar Umaru, ta bi ayarin masu jakai. Ta kwana Gusau, ta wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ta kwana Tsafe, a rana ta uku ta shiga Bilbis ƙafafunta sun kumbura.

Tambaya tsohuwa ce 'yar firit, bakinta jawur da fure, harshenta kuwa ba ya raga wa kowa. Ta ji labari duka ba ta ce kaico ba. Ta ce, "Mijin da ke ajiye iri a jinka, gara da Nasara suka ɗauke shi dako, ko ya koyi hankali." Sa'an nan ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wata 'yar batta. Ta sa yatsa biyu ta tsakuro, ta karkaɗe a kan ɗan tsumma, ta dubi abin, ta mai da rabi.

Yelwa ta leƙa. Wani ɗan baƙin gari ne mitsitsi, bai kai cikin farce ba.

"Shi ke nan, Gwaggo?"

"Mi kike so, mudu? Bara tsutsa ta cinye mini gona, abin da ya rage ke nan ni da jikokina. Wanga ƙiris da kike rainawa ya isa ya rufe lambunku har ya yi saura, in ya samu mai hannu. Ke kuwa ban ga alama ba. Ɗauko ƙwarya."

Ta sa aka barbaɗa toka a tsakar gida, faɗin tabarma. Ta miƙa wa Yelwa ƙwarya cike da ruwa, ta ce ta shayar. Yelwa ta ɗebo da hannu ta watsa. Toka ta yi ramuka, ruwa ya fallatsa har zanen tsohuwar.

"Wannan watsawa ce, ta mai shirin shara. Sake."

Aka sake barbaɗa toka. Yelwa ta karkata ƙwaryar, ta tare da yatsunta, ruwa ya tsiyaya a hankali. Toka ta yi 'yar hanya tana bin ruwan.

"Wannan kuma tsiyaya, ta mai tace koko. Kin ga inda tokar ta nufa? Can irinki ya tafi. Ɗiyata, shekara nawa kina gidan mai taba ba ki taɓa kallon hannunsa ba?"

"Ba ya bari in je fadama, Gwaggo."

"To yau ga ki a fadama."

Tambaya ta ɗauki sabuwar tsintsiya ta tsoma, ta kaɗe ta sau ɗaya gefe, sa'an nan ta wurga bakinta sama. Ruwan ya tashi ya watse, ya sauko a kan tokar kamar raɓa. Tokar ta yi duhu, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba.

"Wanga shi ne yayyafi. Sama za ki jefa, ya sauko da kansa. In kin ji ƙararsa a ƙasa, ya yi yawa. In ɗigo ya yi rami, ya binne iri, kuma irin taba in ya binnu ba ya fitowa."

Kwana biyu Yelwa ta yi tana shayar da toka, yaran gida suna kallo suna dariya, kafin tsohuwar ta ce, "Da dama." Ta ƙulle irin a bakin zanenta ƙulli uku, ta kamo hanya. Ko da ta kwanta a Gusau, hannunta na kan ƙullin.

Da ta iso gida ta tayar da fangali ɗaya a gefen lambun, ɗan tudun ƙasa mai faɗin tabarma. Ta tara kara a kai ta ƙone, ta bar shi ya huce. Ta gauraya irin da toka da rairayi mai laushi don ya bazu, ta barbaɗa, ta danna da tafin hannu. Ta kafa 'yan sanduna ta shimfiɗa ciyawa shara-shara a sama don rana. Safe da la'asar tana ɗebo ruwa daga gulbi tana yayyafi. Kwana huɗu haka.

A na biyar tafiyar Bilbis ta nemi hakkinta. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ta yi ta rawar ɗari har hantsi, ba ta ma san rana ta ɗaga ba. Abin da ya tashe ta muryar Lami ce a bakin ƙofa. Lami mace ce mai faɗi da fara'a, tun zuwan Yelwa gidan ba su taɓa sa-in-sa ba. Ta shigo da kunu a hannu, ƙafafunta da bakin zanenta duk feshin laka.

"Ke dai kwanta abinki, na shayar miki. Ashe rowa kike yi wa ƙasar nan! Na iske ta ko jiƙewa ba ta yi ba, abin tausayi. Na yaye ciyawar na tuttula mata tulu biyu, ta sha ta ƙoshi."

Yelwa ta tashi zaune. "Kin tuttula?"

"Kamar yadda muke yi wa albasa mana. Mi ya faru?"

Yelwa ta dafa bango ta miƙe, ta nufi fadama tana tangaɗi, Lami na biye tana tambaya. Fangalin ya zama sumul kamar an lashe. Tokar ta gangara ta kwanta cikin kwarin da ke gefensa, ta yi dogon zane fari-fari. Sauran ya fantsama ko'ina, a jikin sanduna, a kan ciyawar da aka yaye, a kan kunya.

Da Lami ta gane abin da ta yi, sai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. "Wayyo ni! Wallahi taimako na yi niyya. Yanzu za a ce maigidana ne ya aiko ni."

"Ba wanda zai ce. Yi shiru ki ba ni sakaina." Lami ta juya za ta nufi gulbi. Yelwa ta riƙo ta. "Ina za ki?"

"In wanke ƙafa."

"Kada ki kuskura. Zauna nan."

Ta zaunar da ita a kan kunya, ta sa sakaina ta kankare lakar da ke ƙafafunta tun daga idon sawu har gwiwa, ta tara a tafin hannu. Ta sa ta kwance zanen sama, ta jira ya sha iska, ta murje busasshen feshin a cikin ƙwarya. Lami tana kuka tana dariya.

"Ke Yelwa, yanzu a ƙafata taba za ta tsiro?"

"In ta tsiro a nan sai in dasa ki."

Daga nan ta durƙusa a kwarin. Ta yi ta kankaro saman lakar, siririn abin da ya yi fari kawai, ba ta zurfafa ba. Ta kankare sanduna ɗaya bayan ɗaya. Ta karkaɗe ciyawar. Ba ta ganin iri, ba yadda za a yi ido ya raba shi da ƙasa, ba ta kuma san ko akwai ko babu ba. Har azahar tana yi, zazzaɓi na kaɗa ta. Abin da ta tara ta shafe shi a saman fangalin siriri, kamar mai shafa man shanu a kan yaro, ta mai da ciyawa.

Washegari ta gwada tsintsiya a gefe guda, ta ga ba za ta yi ba. Babu sauran toka da rairayin da za su riƙe, lakar ta yi laushi ƙwarai, ɗigo mafi ƙanƙanta sai ya huda ta. Ta zauna tana dubawa. Sai ta tuna masu bugu da ta gani a Gusau, yadda suke guntsar ruwa su fesa wa riga kafin su buga. Ta guntsa daga gora, ta durƙusa, ta matse leɓe ta fesa sama. Ruwan ya sauko kamar hayaƙi.

Haka ta koma yi. Feshi ba ya daɗewa a ƙasa, don haka sau huɗu take zuwa a yini. Kowane zuwa guntsa ta fi hamsin. Kumatunta suka yi tsami, leɓunanta suka tsage, gwiwoyinta suka yi kanta. Masu jan jigo a lambunan kusa suka samu abin hira.

"Yelwa, alwala kike yi wa ƙasa?"

Wani ya ce, "A'a, tofi ne. In kin gama ki zo ki tofa wa albasata, ta ƙi girma."

Ta furzar da abin da ke bakinta, ta ce, "Albasarka ba tofi take so ba, Baba Sahabi, mai ita take so ya rage barci a gindin jigo." Aka kwashe da dariya, ta koma ga aikinta.

A kwana na bakwai Umaru ya zo ya tsaya a kanta, ya daɗe yana kallo. Ya riga ya yi wa matarsa faɗa har ta yini ba ta ci abinci ba.

Ya ce, "Ɓarnar daga gidana ta fito, ni zan gyara. Ina da dashen albasa da ya yi mini yawa. Ki karɓa ki cika lambun, in riƙa sako miki ruwa daga jigona. Mai gari ya ga shuka, magana ta ƙare."

Yelwa ta goge baki da bayan hannu. "Dashenka, Yaya, ruwanka, jigonka. In mai gari ya tambaya albasar wa ce, mi zan ce?"

"Ke dai kin cika taurin kai."

"Allah ya saka da alheri, Yaya."

Ya tafi yana girgiza kai. Da ya ba da baya ta sake duba fangalin, ba ta ga komai ba sai laka.

A kwana na goma sha ɗaya da safe ta ɗaga ciyawar, ta kwantar da kumatunta kusa da ƙasa kamar yadda take yi kullum. Sai ta ga wani ɗan kore, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ta ga wani a kusa da shi. Yawancinsu a gefen da ta shafa lakar kwari suke, wasu 'yan tsiraru a tsakiya. Ba ta yi guɗa ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta guntsi ruwa ta fesa.

Gyare ya ci wasu, wasu suka narke da kansu. Da lokacin dashe ya yi, tushe arba'in da uku ta samu. Jatau ɗari huɗu yake dasawa a lambun nan.

Lami ta ba ta shawara ta haɗa su wuri guda kusa da gulbi, inda ɗaukar ruwa zai yi sauƙi, ko ba komai ta tsira da kusurwa ɗaya. Yelwa ta auna lambun da ƙafa, tsawo da faɗi, ta ƙi. Ta dasa su taku biyar-biyar tsakani, tun daga bakin ruwa har can tudu inda lambun ya ƙare, ta sa ɗaya a kowace kusurwa. Kowane tushe ta yi masa ɗan gurbi, ta kifa masa ganye don rana. Yanzu sun yi ƙarfin shan tsiyaya, sai dai nisa. Tulu goma sha biyu take ɗauka a yini, Hanatu na biye da ita da ɗan gora. Na tudu su ne wahala, kafin ta kai gare su rana ta yi zafi, ƙasar wurin kuma tana shanye ruwa nan da nan. Guda shida na can suka fara langaɓewa.

Ranar zagaye mai gari ya zo da dattawa uku, Umaru na tare da su. Tsohon ya tsaya a bakin lambun, ya kare ido da hannu.

"Wagga shuka ce ko alamar iyaka?"

Yelwa ta durƙusa. "Ranka shi daɗe, cewa ka yi inda ka ga shuka."

"Na ce."

Umaru ya ce, "Ranka shi daɗe, a duba dai. Tsakanin tushe da tushe jaki zai kwanta ya yi birgima bai taɓa ganye ba. Fadama ta yi mana kaɗan, ga ƙasa tana zaune."

Mai gari ya shiga lambun da sandarsa, yana tsayawa a kowane tushe, yana tona gindin da bakin sanda ya ga ko da danshi. Bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai tudu ya tona, ƙasa ta tashi a bushe. Huɗu sun mutu, biyu da sauran rai.

Ya dawo ya ce, "Daga bakin ruwa zuwa waccan tsamiya, na ga shuka kuma na ga mai shayar da ita. Na gidan Jatau ne. Daga tsamiya zuwa tudu, hannunki bai kai ba, Yelwa. Umaru ya sa albasa."

Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Yelwa ba ta tashi daga durƙuson ba.

"Ranka shi daɗe, kyauta ko aro?"

Dattawan suka dubi juna. Umaru ya ɓata fuska. Mai gari ya dube ta, ya dubi leɓunanta da suka tsage.

"Aro. Rani ɗaya. In baɗi kin kai tudu, naki ne."

"A faɗa da ƙarfi, ranka shi daɗe, Baba Sahabi na can bai ji ba."

Tsohon ya yi murmushi, ya ɗaga murya ya sake faɗa, har masu jigo suka amsa sun ji. Kafin su bar fadama Yelwa ta haƙo tushe biyun nan masu sauran rai da ƙasarsu, ta mai da su ƙasan tsamiya.

Talatin da tara suka rayu. Da yake ba su matsu ba, suka yi faɗi suka wuce ƙugunta, furanninsu manya. Matan gari suka fara aiko yara sayen fure, Lami kuma takan kai mata sauran kasuwar Bungudu a cikin ƙwarya da jiƙaƙƙen tsumma a kai. Amma tushe tara mafi kyau Yelwa ta ɗaura musu zare, ta hana a taɓa. Har wata amarya ta zo da kanta tana roƙo, ta ce a'a. Furensu ya bushe a jiki, ya ƙulla 'ya'ya, ta bi su ɗaya-ɗaya tana karkaɗewa a cikin ƙwarya kafin su fashe. Abin da ta samu ya cika tafin hannunta biyu.

Jatau bai dawo ba a wannan ranin. Mutum biyu cikin shidan sun dawo, suka ce sun rabu da shi a bakin teku yana da rai, ba su san sauran ba.

Ranar da Umaru ke tonon albasarsa a tudu, Yelwa ta hau ta yi masa sannu da aiki. Ta tsaya har ya cika kwando.

"Yaya, in ka kwashe kada ka wahalar da kanka da zuba taki. Baɗi zan kai nan."

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Da tulu?"

"Zan kafa jigo. Na yi magana da mai sassaƙa."

"Wa zai ja miki?"

"Ni. Za ka koya mini, ko in tambayi Baba Sahabi?"

Umaru ya sunkuya ya ci gaba da tono, ya ce ta zo gobe da sassafe kafin rana ta yi zafi, ta kuma ɗaura zanen da ba ta jin tausayinsa.